Tukwanen Gidanmu Ba Za Su Fita Ba

Zuwaira,

Kada ki karanta wannan takarda a tsaye, kada kuma ki karanta ta da waya a ɗaya hannun. Ki zauna. Ina yi miki gargaɗi tun kafin in gaishe ki: duk ranar da kika tsaya gaban masu kuɗin Turai kika baje musu kunyar gidanmu don su ji tausayi su buɗe jaka, kin ɓata mini rai fiye da duk abin da kika taɓa yi, ko da kuɗin da kika samo ya cika motar haya ta trotro har saman kaya.

To, yanzu assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin sauka lafiya, sanyin ƙasar kuma bai firgita ki ba. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya raba ki da mugun abokin zama. Babanki yana gaishe ki, Kaka Azumi ma haka. Ba zan ba ki labarin unguwarmu Maamobi ba, kina da waya. Na sa takardar nan a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin kwalbar miyar barkono ta shito da ƙullin yaji, domin na san can hannunki zai fara zuwa.

Ranar da kika zo kika ce an ɗauke ki aiki a ƙungiyar da take tara kuɗi daga ƙasashe da attajirai don a daina aurar da yara mata a duniya, ban yi guɗa ba. Na ce miki, "To, Allah Ya sa alheri," na ci gaba da yankan albasa. Na ga kin ji haushi. Abin da ba ki sani ba, washegari babu rumfar da ban tsaya ba a kasuwar Nima, nan maƙwabtanmu. Mai tumatir ta ji, mai gawayi ya ji, har yaron mota da yake karɓar kuɗi a trotron Madina ta nan Akra sai da ya ji, shi da bai taɓa ganinki ba. Babanki kuwa fasinjojin tasinsa sun gaji. Wata 'yar ƙabilar Ga ta ce masa, "Alhaji, ka kai ni unguwar Osu tukuna, in ya so ka ƙarasa labarin." Ina alfahari da ke, auta. Na rubuta a takarda don kada ki ce ban taɓa faɗa ba, kuma kada ki sa ran za ki riƙa ji kullum.

Amma mun rabu da magana a tsakaninmu, kuma ba na son ki haye teku da ita.

Kin tuna abin da ya haɗa mu kafin ki tafi Tamale miƙa tsohon aikinki. Kin roƙe ni tsohon hoton nan na Kaka da yake cikin gwangwani, na ranar aurenta, tana 'yar ƙanƙanuwa cikin lulluɓi, ƙafafunta ko ƙasa ba su taɓa ba daga kan kujera. Kika ce za ki haska shi a bango gaban taro, ki ce ga kakata, an aurar da ita kafin ta san mene ne aure. Na ce uwata ba kayan talla ba ce. Sai kika dube ni ido cikin ido kika ce, "Mma, hoto ɗaya kike hana ni. Tukwanenki fa? Auren yara nawa suka dafa wa shinkafa?"

Ban mare ki ba, saboda kin girma, kuma saboda abin da kika faɗa gaskiya ne, ko da yake kin faɗe shi babu ladabi. Rashin ladabin yana nan a kanki, sai kin ba ni haƙuri. Gaskiyar kuwa ita ta sa na zauna rubutu.

Bari in fara gaya miki dalilin da ya sa maganar hoto ta taɓa ni haka.

Kina 'yar shekara shida ko bakwai, wasu baƙi suka zo Nima, Turawa biyu da wani ɗan Akra mai riƙe musu jaka. Suna neman hotunan yara mata da za su nuna a ƙasarsu don a tara kuɗin makaranta. A layinmu ni ce na gama sakandare, don haka aka kira ni tafinta. Na ɗaura ɗankwalina mai kyau, na fito ina juya Turanci, mata suna kallona. Sai wata a cikinmu ta matso ta ce, "Salamatu, idan suka ga yaranmu tsaf-tsaf, unguwar Old Fadama za su kai kuɗin. Can sun fi mu alamun wahala." Kowa ya ce haka ne. Kin ji inda hankalinmu ya tsaya: muna gasar talauci da 'yan'uwanmu na can masu dakon doya.

Ni da kaina na shiga ɗaki na kamo ki. Kina sanye da jan takalmin Sallah mai maɗauri, wanda kike ƙin cirewa ko za ki kwanta. Na cire miki shi. Na tuɓe miki rigar kirki na sa miki wadda muke goge tabarma da ita. Na ja ki har bakin babbar gota mai ruwan ƙazanta na tsayar da ke, na ce kada ki yi dariya. Kika ɗago kai kika ce, "Mma, me na yi?" Kin ɗauka horo ne. Na ce, "Ba ki yi komai ba, tsaya kawai." Suka ɗauki hoton, suka ce mini na gode, suka tafi.

Da babanki ya dawo ya ji, bai ɗaga murya ba, kin san shi. Ya ɗauki takalmin ya juya shi a hannu ya ce, "Salamatu, daga Nima zuwa Madina na yi ta kai da kawowa har bayana ya ƙage kafin in sayi wannan. Yanzu kin gaya wa duniya 'yata ba ta da uba." Bai ci tuwona ba ranar.

Bayan wani lokaci, wani ɗan'uwanmu da yake zaune a waje ya dawo da wata 'yar takarda da aka ba shi a bakin titi. Ke ce a jiki, ƙafa a ƙasa, gota a bayanki. An sa miki wani suna da ba naki ba. An rubuta a ƙasa cewa yarinyar nan ba ta taɓa shiga aji ba, kuma idan ba a taimaka ba za a aurar da ita. Ke kuwa a lokacin ke ce ta ɗaya a ajinku, babanki kuma yana cewa ko zai sayar da motar sai kin ga ƙarshen karatu. Na karanta, na sake karantawa, na jefa ta a murhu. Ban iya ƙona sauran da suka bazu a ƙasashen mutane ba.

Don haka ki ji ni da kyau. Aikinki neman kuɗi ne, kuma na san mai kuɗi ya fi saurin sa hannu a aljihu idan ya ga hawaye. Za a samu masu ce miki, "Nemo mana wadda ta fi ban tausayi." Kada ki cire wa 'yar kowa takalmi. Idan za a ɗauki yarinya hoto, a tambaye ta, a tambayi uwarta, a gaya musu inda zai je, a bar ta ta yi wanka ta sa rigar da take so. Idan labarinta na gaskiya bai isa ya buɗe jakar mutum ba, ki bar shi da jakarsa. Ƙarya ba ta zama halal don an yi ta saboda yara.

Sai dai a nan ma na sake yin kuskure, kuma sabo ne, bai kai wata biyu ba. Na hana ki hoton Kaka ba tare da na tambayi mai hoton ba. Na yi mata abin da waɗancan baƙin suka yi miki: na yanke hukunci a kan fuskarta kamar ba ta da baki. Bayan tafiyarki Tamale na same ta da hantsi a tsakar gida tana ɓare goro, na zauna na gaya mata komai.

Ta ce, "Kawo hoton in gani."

Na kawo. Ta kai shi dab da ido, ta daɗe tana dubawa, sai ta fashe da dariya har goro ya sarƙe ta.

"Dubi wuya kamar na zabuwa! Wannan za ta nuna wa Turawa?"

Na ce, "Inna, ba abin dariya ba ne. Za ta ce musu an cuce ki."

Ta daina dariya. Ta ce, "To ƙarya za ta yi? An cuce ni mana. Ina wasan 'yar tsana aka kira ni aka sa mini lalle. Haihuwar fari ta kusa kashe ni, ɗan ma bai zauna ba. Ke ba ki san wannan ba don ban gaya miki ba." Ta ajiye wuƙar goron. Sannan ta nuna ɗakunan da hannu. "Amma wa ya gina gidan nan? Wa ya yi ta hawa motar Kumasi da huhun goro har aka san sunansa a tasha? Wa ya sa ki a sakandare lokacin da duk layin nan suke cewa na haukace? Idan 'yar nan za ta ba da labarina, ta ba da shi duka. In ta tsaya a rabi, ta zage ni."

Na ce, "To me zan ce mata?"

"Ki ba ta hoton. Ki haɗa da wancan na ranar da ta gama jami'a, wanda na ƙwace hularta na ɗora a kaina. Ta nuna su tare. Kuma ki ce mata ta faɗi sunana daidai, Azumi, kada Bature ya mayar da ni wata aba."

Suna nan cikin ambulan tare da takardar nan, su biyu. Ba ni na ba ki ba, mai su ce ta ba ki, kuma kin ji sharaɗinta. Ranar da kika raba su, kin ci amanar tsohuwa.

Yanzu maganar kuɗin kansa. Wani ɗan kaso na abin da aka tara da hotunan nan ya iso hannun ƙungiyarmu ta mata, an ce a taimaki yara mata su zauna a makaranta. Ni ce sakatariya. Ba mu saci ko kwabo ba, wannan zan iya faɗa a gaban kowa. Abin da muka yi ya fi kama da wauta. Muka ce sai an yi bikin ƙaddamarwa, don a san mun iso. Aka kafa rumfunan kanofi aka tare titi, aka ɗauko lasifika, muka fitar da yayi, atamfa iri ɗaya kowa da kowa, aka buga wa yara riguna masu rubutu a ƙirji. Babban baƙo ya zo a makare, ya yi jawabi, aka tafa, aka ci jalof. Kaka tana zaune a gefe da carbinta. Da muka dawo gida na tambaye ta yadda ta ga taro, ta ce, "Ya yi kyau. Na waye?"

Abin da ya rage bai kai mu ƙarshen shekarar karatu ba. Yaran da muka ce za mu riƙe, abin da yake fitar da su daga aji ba wani abu ne mai girma ba: kuɗin mota, audugar mata, kuɗin jarrabawa, abin da za su sa a ciki da rana. Rigar mai rubutu ba ta maganin ko ɗaya. Na ga wata daga cikinsu daga baya tana tallan ruwan leda a bakin titin Nima, rigar tamu ce a jikinta, rubutun ya koɗe.

Ke yanzu za ki zauna a teburin da ake raba abin da ya fi namu nesa ba kusa ba. Za a kai ki manyan otal, a ba ki ruwa a kwalba, a yi ta taro a kan taro. Duk lokacin da aka kawo wani tsari mai kyan suna, ki yi tambayar Kaka: na waye? Ki bi kuɗin da idonki har ki ga inda ya sauka. Ki gaya wa masu bayarwa, ba tare da kin sunkuyar da kai ba, cewa yarinya ba ta girma a shekara ɗaya. Wanda ya ɗauke ta a aji ɗaya ya sake ta a aji biyu don wani sabon abu ya ɗauke masa hankali, ya mayar da ita inda ya same ta, ya ƙara mata da baƙin ciki. Ki kuma yi faɗa don kuɗin ya riƙa isa hannun matan da suke zaune a unguwa, waɗanda za su kasance a nan bayan an naɗe kanofi. Amma ki sa musu ido, domin ga uwarki shaida, mace ta gari ma tana iya mayar da kuɗin marayu atamfa.

Akwai kuma bakinki, wanda a wurina kika gado shi. Na taɓa jin wani mahauci a bayan masallacinmu zai aurar da 'yarsa da ba ta gama makaranta ba. Na tafi har majalisarsu, maza suna zaune suna shan shayi, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na zazzage masa doka da Turanci, a gaban abokansa. Ya bari na gama, ya ce, "Hajiya, kin gama? Ki gaida gida." Kafin mako ya zagayo ya tura yarinyar ƙauyensu a arewa, inda muryata ba ta kaiwa. Da na bi ta wurin yayarsa, ko na sa babanki ya same shi shi kaɗai, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ki. Daga baya na ji abin da yake tsoro: ɗaki ɗaya gare su, yarinya ta fara girma, samarin layi sun fara tsayawa a ƙofa. Tsoronsa na gaske ne, maganin da ya zaɓa ne mugu. Idan kika je can, kada ki bari a zana iyayen unguwanninmu na Zango kamar dodanni, kada kuma ki zauna shiru a ɗora wa addininki abin da talauci da tsoro suka haifa. Ki gyara musu cikin natsuwa. Idan kuma kika dawo nan da aikinki, ki fara da sallama, ki tuɓe takalmi a ƙofa, ki bar Turancin a cikin jaka.

Saura tukwane.

Kin san su tun kina rarrafe. Kaka ta fara saye, ni na ƙara, kowace da jan fenti a kunne don kada ta ɓace a gidan biki. Babbar, wadda kuke kira Giwa, kin sha ɓuya a cikinta. A Maamobi da rabin Nima, idan ana biki aka ga hayaƙi, aka ga jan kunne a kan murhu, an san Hajiya Salamatu ta sa hannu, an san bikin na mutunci ne. Ban taɓa karɓar kuɗin haya ba. Gudummawata ke nan, kuma da ita nake taƙama. Shekara da shekaru ana zuwa ana cewa, "Hajiya, muna da biki," ni kuma ina tambaya, "Buhu nawa za a dafa?" Ban taɓa tambayar shekarun amarya ba. Wani lokaci nakan gan ta ranar lalle, in ga ƙanƙantarta, in ce a raina ba ruwana, ni girki na zo.

Maganarki ta sa na ga abin da ban so gani ba. Ku kuna yawo ƙasa ƙasa kuna neman masu ɗaukar nauyin hana wannan aure. To shi ma auren yana da masu ɗaukar nauyinsa. Ba a yin sa da iska. Akwai mai ba da kanofi, akwai masu yayi, akwai masu liƙi a fili ana kiran sunansu a lasifika, akwai mai tukunya. Uba shi kaɗai ba ya iya biki. Mu ne muke taruwa mu rufa masa asiri, mu sa abin ya yi kyau.

Kina Tamale, Hajiya Kande ta zo, magajiyar ƙungiyarmu, wadda ta yi mini wankan jego lokacin haihuwarki. Ta shigo da fara'arta, ta gaida Kaka, ta zauna ta ce, "Ƙanwata, sai ki fito da Giwa, 'yar ƙanin maigidana za a aurar."

Na ce, "Masha Allah. Wace ce a ciki?"

"Sadiya mana."

Na san Sadiya. Kullum da safe takan wuce ƙofarmu da kayan makaranta. Na ce, "Yaya, shekarunta nawa?"

Ta dube ni kamar na yi mata Yarbanci. "Me kika ce?"

"Shekarunta nake tambaya."

"Ikon Allah. Salamatu, aron tukunya na zo, ba ƙidayar jama'a ba. Ko gwamnati ta ɗauke ki aiki ne ba mu ji ba?"

Na ce, "Yarinyar ko ƙaramar sakandare ba ta gama ba."

"To sai me? Ke da uwarki a ɗakin miji ta yi wayo, ga ta nan zaune, me ya same ta?"

Kaka ba ta ko ɗago kai daga goronta ba ta ce, "Kande, zo in gaya miki abin da ya same ni, in kina da lokaci. Amma ki zo da tsumman share hawaye."

Hajiya Kande ta tashi tana gyara mayafi. Ta ce, "Na gane. 'Yarki ta samu aikin Turawa, yanzu kun fi mu. Tukunya dai ba a kanki aka fara ba, akwai a Madina."

Na ce, "Akwai, Yaya. Allah Ya ba da sa'a. Amma mai jan kunne ba za ta je ba."

Ta fita ba sallama. Shekara talatin muna cin abinci a kwano ɗaya da matar nan.

An fitar da yayin bikin, ba a kawo mini ba. A taron ƙungiya na gaishe da wasu suka amsa da hanci. Wata ta ce a bayana, yadda zan ji, wai Hajiya Oburoni, wato Baturiya, ta iso. Na zauna a kujerata na buɗe littafina kamar ban ji ba. Babanki ya ce, "Za ki iya kuwa?" Na ce ya zuba ido.

Sai ga wata safiya ina shara a ƙofar gida, uwar Sadiya ta zo wucewa da bokiti, kamar za ta famfo. Mace ce mai shiru, ba ta cika magana a taro ba. Ta rage tafiya, ba ta dube ni ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Hajiya, don Allah kada ki canza magana. Kowa yana tambayar babanta me ya sa babu tukwanenki, ya rasa amsa. Ni ba ni da bakin cewa a'a. Ki riƙe mini." Ta wuce abinta.

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Duk shekarun nan ina ɗauka ina taimakon iyaye mata ne da nake fito da Giwa. Ban san ko su nawa ne a cikinsu suka yi ta jiran wata ta fara ƙi ba.

Ba zan ce miki an fasa auren ba, domin ban sani ba. An ce an ɗaga, an ce ana shawara, limamin layinsu ma an ce ya kira uban. Yau da safe dai na ga Sadiya ta wuce da jakarta. Gobe sai Allah. Amma idan masu kuɗin nan suka tambaye ki ko mutanenku suna yin wani abu da kansu, ko kuwa hannu kawai suke miƙawa, ki ɗaga kai ki ce musu a Maamobi akwai matar da ta kulle tukwanenta, kuma ta biya da abin da ya fi kuɗi tsada a wurinta. Ki je musu a matsayin abokiyar aiki, ba mai bara ba. Mu ma mun zuba namu.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da taro ya kama. Ki ci abinci mai zafi. Ki riƙa kiran babanki, shi ba zai ce yana kewarki ba, sai dai ya yi ta goge motar da ba ta yi datti ba. Ki riƙa yi wa Kaka Hausa sosai a waya, ba wannan ta layi da kuke cakuɗawa da Turanci da yaren Tuwi ba, kin san takan ce kunnenta yana ciwo. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki gama lafiya, Ya tsare mutuncinki da na waɗanda za ki yi magana da sunansu, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Na yafe miki duk abin da kika yi mini, har da wancan, idan kin kira kin ba da haƙuri.

Ga dokar da na kafa, na kuma faɗe ta a tsakar gida gaban babanki da Kaka da yayyenki da matansu, don kada wani ya ce bai ji ba. Na sa an kai tukwanen ɗakin ajiya, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Daga yau duk wanda ya zo aro, kafin a tambaye shi buhu nawa, za a tambaye shi shekarun amarya, kuma sai na gan ta da idona na ji daga bakinta. Idan ba ta cika sha takwas ba, ko ludayi ba zai fita daga gidan nan ba, ba za mu sayi yayi ba, ba za mu yi liƙi ba, ko 'yar wace ce, ko da jininmu ce. Ina raye haka za a yi. Ranar da ba ni, makullin naki ne.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajiya Salamatu
Maamobi